Kwancen Yaya

Injiniya ba injiniya ba ne. Kwas ya yi na gyaran kwamfuta tun zamanin da kwamfuta take da ƙeya, sai surukansa suka liƙa masa sunan ranar ɗaurin aure don su ji daɗin gabatar da shi ga baƙi. Shi kuma bai ga dalilin ƙaryata mutanen da suka ba shi mata ba. Yanzu gemu ya yi furfura, tumbi ya fito, sunan yana nan daram.

Yayan matarsa da ƙaninta suna da ofishin zanen gidaje a saman wani bene, bisa shagon masu sayar da tayil. Babban, kowa Yaya yake ce masa, har ma'aikata. Ƙaramin kuwa Auta, duk da ya aurar da 'ya. In abu ya lalace a ofis, Yaya ba ya kiran Injiniya kai tsaye. Ƙanwarsa yake kira ta isar da saƙo, kamar mai aron tsani.

"Yaya ya ce ka je," in ji ta, tana ninke kayan wanki. "Wai an shiga masa kwamfuta."

"Wa ya shiga?"

"Bai faɗa ba. Ya dai ce ka zo masa da hujja, kuma kwanan nan ba ya ɗaukar wayar Auta. Ka yi lissafin da kanka." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "In mutanen nan suka rabu, Inna ba za ta iya ɗauka ba. Ka san jininta."

Injiniya ya sani. Tun da ya shigo gidan yake bin gefen bango duk lokacin da 'yan'uwan suka saɓa, kuma da wannan dabarar ya tsufa lafiya. Ya ɗauki jakarsa da tsohuwar laftof ɗinsa mai fasasshen murfi, ya fita.

Da hantsi ya isa. Maigadi, dattijo mai 'yar rediyo a aljihun gaba, ya ɗaga masa hannu daga kan benci. Ya hau matakala yana haki, ya wuce babban ɗakin da masu zane ke zaune kowa ya dunƙule gaban allonsa, ya shiga ofishin Yaya. Tebur mai gilashi, kujerar da ke juyawa, hoton wani gida da suka zana wanda mai shi bai taɓa ginawa ba, da sabuwar laftof siririya kamar faranti.

Bayan gaisuwa Yaya ya miƙo masa waya. Ya ɗauki hoton saƙon da laftof ɗin ke nunawa: akwai wata na'ura a ofishin nan mai suna iri ɗaya da wannan.

"Ka gani, Ango?" Haka yake kiransa har yau. "Wani ya sa sunana yana yawo da shi. Wasiƙuna, cinikin da nake yi da mutane, duk yana karantawa. Wa ya iya taɓa kwamfuta a nan in ba mutum ɗaya ba?"

"Ai ba lalle ba ne, Yaya."

"Shi ya sa na ce hujja. An gaya mini yana neman buɗe nasa ofishin. In ya tabbata shi ne, ba sai ya wahala ba. Lauya zan kira a raba, kowa ya kama gabansa."

"Ma'aikata fa?"

Fuskar Yaya ta saki. "Cire su. Yaran nan, wallahi ban taɓa sanin suna ƙaunata haka ba sai 'yan watannin nan. Ina fakawa maigadi zai buɗe mini ƙofa, ya riƙe ni da labari. In na hau, Anti sakatariya tana tsaye a kan matakala, ya gwiwa, ya iyali, ya jikoki, ɗaya bayan ɗaya da sunansu." Ya gyara zaman tabarau, da 'yar kunya. "Mutum in ya manyanta yana jin daɗin irin wannan. Kai ma za ka zo wurin."

Injiniya ya ce ai ya kusa, ya nemi a nuna masa inda wayoyin ofishin suke haɗuwa.

A sito ne, bayan kwalayen takarda da wata matacciyar fanka. Akwatin suwic, mahaɗar wayoyin kwamfutocin, yana rataye da ƙusa, fitilunsa korra suna ƙiftawa. Ya sami rami ɗaya da ba kowa, ya soka wayarsa, ya zauna kan kwali, ya buɗe manhajar da ke nuna duk maganar da kwamfutoci ke yi a tsakaninsu. Wannan shi ne sashen aikin da yake so. Babu mai yi masa magana, kuma in an leƙo sai a ga layuka na gudu a allo a ɗauka wani babban abu yake yi.

Kwamfutocin ofis suna da wata ɗabi'a ta ladabi. Kowacce in ta tashi sai ta yi shela ga kowa: ni ce wance, akwai mai ja? In ba wadda ta tanka, suna ya zama nata, ta kama bakinta ta shiga aiki. Don haka a ofis mai lafiya, irin wannan shela 'yar kaɗan ce da safe, daga nan shiru. A nan kuwa, da ya tace layukan ya bar na shelar suna kawai, sai ga su suna zubowa daga adireshi ɗaya. DARAKTA. DARAKTA. DARAKTA. Ta ɗan huta, ta sake. Kamar mai talla a layin da ba kowa.

A tsakanin waɗannan akwai wasu layukan daga teburan masu zane, su tambaya suke yi: ina DARAKTA? Sukan tambaya sau ɗaya su yi shiru, alamar an amsa musu. Amsar ce bai gani ba, domin ita ba a bainar jama'a ake ba da ita ba, a kunne ake raɗa wa wanda ya tambaya. In yana so ya ji, sai ya je inda kunnen yake.

Ya koma ofishin Yaya ya nemi aron kujera. Yaya ya tashi ya tsaya bakin taga, hannu a baya, kamar mai jiran likita ya gama duba ɗansa. Adireshin mai shelar na laftof ɗin Yaya ne, wannan bai ɗauki lokaci ba. Da ya saurara daga cikinta, sai ga amsar da take samu duk lokacin da ta buɗe baki, daga wani adireshin, gajeriya ba fushi: sunan yana da mai shi. Ta yi shela, a ce mata yana da mai shi. Ta haƙura na ɗan lokaci, ta manta, ta sake.

"Ka ga wani abu?"

"Tukuna, Yaya."

Ya bi teburi teburi yana duba adireshi, yana addu'ar ya same shi a wurin wani mai zane, ko a wata na'urar da aka manta a kusurwa. Ya same shi a ƙarƙashin teburin Auta. Baƙar kwamfuta ce doguwa, ta yi ƙura, fankarta na nishi, ga wayar babbar firintar da ke buga taswira a soke a bayanta.

Auta ya leƙo shi daga sama. "A'a, Injiniyan gidanmu. Me ka yar a nan? In sulalla ne nawa ne."

"Wannan ta wa ce?"

"Tawa mana. To, ta Yaya ce da. Kwance."

Injiniya ya zauna daɓas a ƙasa. Ya san dokar gidan, sai dai bai san ta biyo su ofis ba. Tun suna yara sabon abu na Yaya ne, in ya gama da shi ya sauko wa Auta. Riga, takalmi, keke, daga baya mota. Ashe a ofis ma haka ne: Yaya ya sami sabuwa, tasa ta koma wa Auta, ta Auta ta koma wa babban mai zane, haka har ta kai ga Anti, ita kuma tata ta sauka ƙasa maigadi ya ɗora butar shayi a kai.

"Da aka sayo laftof ɗin, wa ya haɗa ta?"

"Masu shagon. Yaya ya ce musu ba ya son ya buɗe ya ga wani abu ya canza wuri, su kwafe masa komai yadda yake. Suka kwafe." Auta ya rage murya. "Wai me na yi masa ne? In na gaishe shi sai ya amsa wa bango."

"Bari in gama," in ji Injiniya, ya kama ƙafar tebur ya miƙe.

Sun kwafe komai, har da suna. Ita kuma tsohuwar ta sauko da duk kayan da ke kanta: a cikinta foldar zane-zanen ofis take, ta cikinta ake aika aiki ga firinta, kuma duk teburin da ke ɗakin da sunan DARAKTA yake nemanta. Abu ɗaya ne bai zauna masa ba. Laftof ɗin Yaya kana ɗaga murfi ta farka. Wannan tsohuwar kuwa sai ta yi miƙa ta yi hamma. Kullum da yamma ana kashe wutar ofis daga babban makunni, dokar Yaya ce saboda tsoron gobara, don haka kowace safiya daga farko ake farawa, kuma wadda ta riga yin shela ita ke riƙe sunan. Yaya kuma, kowa ya sani, tun da barci ya fara guje masa yake sammakon zuwa ofis. Ta yaya tsohuwar take riga ta?

A ɗan ɗakin dafa shayi ya sami Anti, sakatariya, tana wanke kofuna. Ya yi mata tambayar a hankali. Ta kashe famfo, ta leƙa ƙofa, ta turo ta.

"Mu ba mu san dalili ba, Injiniya. Lura dai muka yi. Duk ranar da Yaya ya riga kwamfutar Auta tashi, ranar ba aiki. Firinta ta ƙi. Ka buɗe folda ka ga zanen watannin baya, na jiya ya ɓace. Wanda ka yi ranar kuma gobe ka neme shi ka rasa. Har ɗaya daga cikin yaran ya ce ko a kawo mai addu'a."

"Sai kuka yi yaya?"

"Makulli a hannuna yake. Ina zuwa na kunna ta. Amma ka san ta, sai ta ga dama. In motar Yaya ta shigo ba ta gama ba, maigadi ya tare shi a ƙasa. In labarinsa ya ƙare, ni in karɓa a matakala. Da firinta ta yi wannan tarin nata, na san ta tashi, sai in ce to Yaya a hau lafiya." Ta goge hannu da gefen mayafi. "Na haddace jikokinsa kaf. Maigadi ma labarin ɗaya ne yake ja, kullum ya ƙara masa wutsiya."

"Auta ya sani?"

"Ina zai sani, shi da sai rana ta take yake zuwa? Don Allah, kada Yaya ya ji. Ka gyara abinka shiru."

Gyaran ba wani abu ba ne. A canza wa laftof suna, a kashe a kunna, shi ke nan. Da Injiniya mai sa'a ne, da abin da aka aiko shi yi ke nan. Ya tsaya a baranda yana kallon masu loda tayil a mota, yana lissafi. Sai in ce ƙwayar cutar kwamfuta ce, ya ce a ransa. Ƙwayar cuta ba ta da dangi, kowa ya ɗora mata laifi ta ɗauka.

"Ƙwayar cuta ce, Yaya," ya ce da ya koma. "Yanzu zan cire ta."

Yaya ya dube shi ta saman tabarau. "Wa ya sa ta?"

"Haka suke shigowa. Iska ce."

"Saƙon bai ce iska ba. Cewa ya yi wata na'ura. Na ga ka shiga ƙarƙashin teburin Auta ka daɗe. Gilashi ne ƙofar nan, Ango."

Injiniya ya ja kujera ya zauna. Ƙaryar da ba ta kai minti ɗaya ba ta mutu, ko ta'aziyya ba ta cancanta ba.

"Ita ce, Yaya. Amma ba yadda kake zato ba. Tsohuwar kwamfutarka ce. Sunan da ke kanta kai ka raɗa mata tun tana teburinka, da shi ka ba shi ita. Masu shago suka kwafe sunan suka sa wa sabuwar. Zo ka gani." Ya juyo allon. "Wannan taka ce take cewa ni ce Darakta. Wannan tasa ce take cewa akwai mai sunan. Iyakar abin da ke tsakaninsu ke nan. Ba ta taɓa buɗe wasiƙa ɗaya taka ba, ba ta ma nema ba."

Yaya ya sunkuyo ya daɗe yana kallon layukan. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana duba zanen wasu yana gano inda aka manta ƙofa.

"In haka ne, me ya sa wata rana saƙon yake fitowa, wata rana ba ya fitowa? Da farko ba kullum ba ne. Yanzu ya zama kullum. In ba hannun mutum a ciki, me ya canza?"

Nan ne Injiniya ya so a ce wuta ta ɗauke. In ya yi shiru, hannun mutum ɗin na Auta ne, kuma lauya yana da lambar waya.

"Wadda ta riga tashi ita ke riƙe sunan," ya ce. "In taka ta riga, ba za ka ga saƙo ba."

"Sai tasa ta gani."

"E."

"To ran da tawa ta riga, me ke faruwa a can?" Ya nuna babban ɗakin da haɓa.

"Firinta ba ta bugawa. Zanen ma sai su ga tsoho, wanda aka kwafo maka tun ranar saye."

"Wato ran da na yi sammako ofis ba ya aiki."

"Na'ura ce, Yaya, ba..."

"Kuma yanzu kullum tasa ke riga, alhali ni nake riga shi zuwa." Yaya ya cire tabarau ya ajiye a kan gilashin tebur. Ta ƙofar ana hango Anti a teburinta tana jera takardun da suke a jere. Ya kalle ta na ɗan lokaci. "Wa ke kunna ta?"

Injiniya ya duƙa yana neman wani abu a jaka.

"Kuma tana daɗewa kafin ta tashi. Na san ta, ai tawa ce." Yaya ya yi 'yar dariya ta hanci. "Daidai tsawon labari ɗaya da jikoki."

A allo laftof ɗin ta sake yin shelarta, aka sake ba ta amsa.

"Canza," in ji Yaya.

"Wacce?"

"Wacce ta fi sauƙi?"

"Taka. In na taɓa waccan sai na bi kowane tebur na gyara."

"To tawa."

"Wane suna za a sa?"

"Abin da ka ga dama."

Injiniya ya yi tunani iya ƙarfinsa, ya rubuta LAFTOF. Ya kashe ya kunna. Ta tashi, ta faɗi sabon sunanta, ba wadda ta ja, ta yi shiru. Ya bar manhajar a buɗe ya ƙara jira, don ya tabbata, kuma don bai san inda zai sa idonsa ba. Layukan ba su dawo ba.

Yaya ya mayar da tabarau, ya tashi ya buɗe ƙofa. "Auta."

Auta ya ɗago da sauri har ya ture biro.

"Zanen makarantar nan, kawo mu duba matakalar baya. Ban yarda da faɗinta ba."

A gidansu wannan shi ne ban haƙuri, kuma Auta ya gane shi. Ya naɗe takardar ya taho, yana wucewa ya ɗaga wa Injiniya gira yana tambaya da ido. Injiniya ya kaɗa kai, ya rufe jakarsa. A bakin matakala Anti ta tare shi.

"Ya ji?"

"Ban faɗa ba."

"Amma ya ji."

"Yaya ne fa, Anti."

A gida matar ta riga ta sami labarin cewa an ga 'yan'uwan sun fita cin abinci a mota ɗaya. Ta ƙara masa nama a miya, ba ta tambayi yadda aka yi ba, shi ma bai ba da kansa ba.

Washegari da safe ya koma, domin akwai aikin da ma'aikata suka ajiye a laftof ɗin Yaya a ranakun da ta riƙe sunan, sai an kwaso shi an mayar inda ya dace. Yana tsaye a ƙofar bene bai kai ga hawa ba sai motar Yaya ta shigo. Maigadi ya kashe rediyo, ya tafi da saurinsa na tsofaffi ya buɗe ƙofar motar.

"Barka da asuba, Yaya. An tashi lafiya? To jiya mun tsaya inda direban ya gane ashe akuyar tana cikin but ɗin motar tun daga..."

"Lafiya lau," in ji Yaya. Ya ɗauko jakarsa. "An gyara, Baba. Ba sai ka wahala ba."

Ya gaisa da Injiniya a taƙaice, ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa, yana ɗaga gwiwar da ke ciwo a hankali. Daga sama aka ji muryar Anti ta fara gaisuwa, aka ji tasa ta amsa, aka ji ƙofa.

Maigadi ya tsaya da hannu a kan murfin motar. "Me aka gyara?"

"Kwamfuta."

"To." Ya rufe ƙofar a hankali. "Ai da ya bari na ƙarasa masa. Daren jiya na samo ƙarshen, kuma ya yi kyau." Ya dubi Injiniya sama da ƙasa, kamar mai auna ko buhu zai ɗauki kaya. "Kai kana sauri ne?"

Injiniya ya dubi matakala, ya dubi benci. Aikin da ke sama ba inda za shi.

"Sai dai ka faro daga farko," ya ce. "Ban san direban ba."

Maigadi ya matsa ya ba shi wuri.